Shekara Talatin Ina Hura Wuta

Ba a zama ɗaya na ba da wannan labari ba. Ina faɗa, jikata tana rubutawa a wayarta, in na gaji mu ajiye sai gobe. Kishiyar tawa har tsiya take min, wai ba ta taɓa ganin labarin da ake bayarwa da awo kamar man gyaɗa ba. Na ce mata ta yi haƙuri, yanzu ko magana zan ɗauko sai na duba abin da ya rage a ƙirjina, in ga ko zai kai ni ƙarshenta.

Ni mai waina ce. A unguwarmu cikin birnin Kano, in ka ambaci sunana na yanka ba lalle a gane ba, amma kana cewa gidan mai waina yaro zai kama hannunka ya kawo ka har zaure. Na fara suya ina goyon ɗana na uku, lokacin da kasuwar Malam ta karye, na kuma ci gaba bayan Allah Ya yi masa rasuwa ya bar min 'ya'ya shida. Da tanda na biya kuɗin makaranta, da ita na yi wa mata uku kayan ɗaki. Ban taɓa sa sigari a bakina ba, ko warinta ba na so. Ina faɗin wannan tun da wuri saboda abin da zai zo a gaba.

Ƙarfe huɗu na dare nake tashi, ƙullun da na kwaɓa tun jiya ya riga ya kumburo. Rumfata a lungun tsakar gida take, bango ta gefe biyu, sama langa-langa. Gefe na uku ni da kaina na sa aka toshe shi da tsohon kwano, don iska na kaɗa wutar tana cinye min itace, kuma a lokacin gani nake babbar dabara na yi. Rufin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, da damina har ɗiga take kamar kwalta. Ban taɓa ɗaga kai na ce, to wannan wanda ya manne a kwano ke nan, wanda ya shiga cikina fa ina ya tafi?

Ranar da na samu busasshen marke, ranar ina cikin daula. Amma yawanci abin da ya samu ne: ɗanyar darbejiya, kara, ɓawon gyaɗa, guntayen katako daga wajen kafinta. Da damina itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, sai in cusa leda da guntun tsohon silifa, in durƙusa in kumbura kumatu in yi ta hurawa har ta tashi, ido ya yi ja, hawaye da majina na zuba. Daga asuba zuwa hantsi ina bakin tanda, da la'asar in sake hura ta tuwon gida. A wajenmu hayaƙi ba ciwo ba ne, shaida ce ta gidan da ake ɗora tukunya.

Tari bai yi min sallama ba da zai shigo. Da safe sai na yi ta kaki kafin ƙirjina ya buɗe, fari mai yauƙi, in ce sanyin asuba ne. Shekara ta zagayo bai tafi ba, wata ta sake zagayowa. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ranar da na ɗauko bokitin ƙullu daga inji. Tafiyar da na yi shekaru ina yi ban ma san na yi ba, sai ga ni na sauke bokiti sau uku a hanya, na dafa bango ina haki kamar wadda kare ya biyo. Wata maƙwabciya ta ce, "Mai waina, girma ne ya zo." Na yarda da ita, don ya fi daɗin yarda.

Daga nan na zama 'yar gida a kemis. Maganin tari na kwalba na sha har ban san iyaka ba, da kafso kala-kala, da allura. Wani yaro a kemis ya ce asma ce, ya ba ni wata 'yar mitsitsiyar farar ƙwaya. Ita kam ta yi aiki, cikin kwana biyu ƙirji ya saki, sai na riƙe ta, kullum sai na haɗiya, wata da watanni. Fuskata ta cika ta yi tontsa-tontsa, mata a gidan suna suna cewa, "Kai, mai waina, kin murmure, me kike ci ne?" Ina jin daɗi. Sai daga baya a asibiti aka gaya min sunanta furednisolon, magani ne na gaske amma na 'yan kwanaki, wanda ya mayar da shi abincin kullum yana tayar masa da sukari da hawan jini, ya kuma cinye ƙarfin ƙashi. Sukarin da nake fama da shi yau, a nan na samo shi.

Wanda ya fi ci min rai ba ciwon ba ne, bakin mutane ne. Magana ta fita a unguwa cewa tarin fuka ne da ni. Na je aka gwada kakina, babu. Aka sake, babu. Amma magana zarar bunu ce, takardar asibiti ba ta mayar da ita. Ciniki ya ja baya. Yaran da ake aikowa da kwano tun kafin a fito daga masallaci suka ragu, wasu gidajen da muka yi shekara ashirin tare suka koma sayen ta wani lungu. Har a cikin gidana, wata rana na lura an ware min kofi da cokali, an ɗaura wa kofin jan zare a hannu. Ba wanda ya gaya min, ni ma ban ce komai ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, kukan ma tari ya hana ni yin sa yadda nake so.

Da korona ta zo a 2020 aka kulle Kano, ga manyan mutane suna ta rasuwa a birni, kullum sai an wuce da makara. Lokacin na koyi yin tari a cikin filo, don kada maƙwabta su ji su kira a zo a tafi da ni a killace. Ko hanyar asibiti ban kalla ba. A wannan tsakanin ne wata 'yar'uwata, da zuciya ɗaya, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, kasuwata aka yi wa baƙin ciki. Ta kawo min ƙullin magani daga wajen wani mai magani, wai a zuba a garwashi in lulluɓa da bargo in shaƙa safe da yamma. Ku ji fa. Hayaƙi ya kayar da ni, aka ce hayaƙi ne zai tashe ni. Kwana uku na yi, a na ukun na fito daga cikin bargon da rarrafe. Ba na ƙin addu'a, da ita nake kwana nake tashi, kuma har gobe ina shan zumata da habbatus sauda. Amma duk wanda ya ce min in shaƙi wani abu mai ci da wuta, ko wane ne shi, mun raba gari.

Daren da ido ya raina fata cikin hunturu ne. Kwana biyu gari ya yi fari fat da ƙura, ga mura ta kama ni, kakina ya juye ya koma ruwan ɗorawa. Saboda sanyi muka shigar da kaskon gawayi ɗaki muka rufe taga, kamar yadda muka saba tun muna yara. Wajen ƙarfe biyu na farka, na ja numfashi, ya ƙi zuwa. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kamar an ɗaure ƙirjinka da igiyar rijiya an ba ƙato yana ja, kai kuma an ce ka sha iska ta kafar tsinken tsire. Na so in kira ɗana, murya ta ƙi fita, sai kwanon sha na tura da ƙafa ya faɗi ya yi ƙara. Shi ya ce da ya haska ni da waya leɓena ya yi duhu. Aka buga wa wani mai Adaidaita Sahu ƙofa, Allah Ya saka masa, bai ko tsaya neman hula ba.

A asibiti aka maƙala min wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan oksijin ɗin da ke cikin jini. Aka sa min oksijin, aka turara min magani ta na'ura, aka yi allurai. Washegari wani abu ya faru da har yanzu muke dariyarsa. Ɗana ya ga lambar tana tsaye a 90, ta gadon kusa da mu kuwa 98, sai ya ga kamar rowa ake wa uwarsa. Ya faki ido ya murɗa kan oksijin ɗin ya ƙaro. Da sista ta zo ta gani, ta yi masa tatas. Ta ce mai irin ciwona tsakanin 88 da 92 ake so lambarsa ta tsaya, domin in aka cika masa oksijin, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar tana iya taruwa a jininsa, ya kama barcin da ba na lafiya ba. Ta ce, "Ƙaunar taka ce za ta kashe ta." Tun daga ranar ko kusa da abin bai ƙara zuwa ba.

Sai da na yi sati shida da sallama, jiki ya ɗan dawo, aka ce in koma gwajin hurawa. Aka matse min hanci da wani abu kamar na shanya, aka ba ni bututu na kama da baki. Mai gwajin ya ce in cika ƙirji, sannan ya dage yana min ihu kamar mai kallon dambe: "Hura, Mama! Hura, hura, hura, kar ki tsaya!" Na ce a raina, yaro, shekara talatin ina hura wuta, kai za ka koya min? Na hura har na ga taurari. Aka fesa min magani, aka jira kamar minti goma sha biyar, aka sake.

Likitan da ya karanta takardar yaro ne, bai fi sa'an ɗana na biyu ba, amma ya iya zama da tsoho. Ya ce mai lafiyayyen huhu, a daƙiƙar farko kaɗai yana fitar da fiye da kashi 70 cikin 100 na iskar da zai iya fitarwa, ni kuwa ko rabi ban kai ba, kuma bayan maganin ma abin bai wani motsa ba. Ya ce da asma ce zalla, da hanyoyin sun buɗe. Sunan ciwona COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska na huhu. Sai ya tambaye ni ko ina shan sigari, ko Malam yana sha. Raina ya ɓaci, na ce, "Likita, ka dube ni da kyau." Ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri, Mama, kowa nake tambaya. To da me kike girki, kuma shekara nawa?" Da na ba shi labarin rumfata sai ya ajiye biro. Ya ce a ƙasashen Turawa galibin masu wannan ciwo sigari ce ta ja musu, amma a ƙasashe irin namu akwai ɗimbin mata da murhu ne sigarinsu.

Ya zana min huhu a bayan kati. Ya ce ƙananan hanyoyi ne kamar rassan bishiya, a ƙarshensu 'yan jakunkuna masu talewa su koma kamar roba. Hayaƙin shekaru ya kumbura hanyoyin sun tsuke sun cika da majina, jakunkunan kuma sun saki, ba sa iya matso iska waje. A nan ya faɗi maganar da ta juya min tunani. Ni duk zatona iska ce ba ta shiga. Ashe fita ce ba ta yi. Tsohuwa ta cika ɗakin ta ƙi tashi, sabuwa ta zo ba wurin zama. Shi ya sa duk lokacin da na firgita na hau jan numfashi da sauri, ƙara cusa kaya nake a buhun da ya riga ya cika.

Na ce, "To yaushe zan warke?" Bai yi min kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi, kuma mutum yana iya shekaru masu yawa yana harkarsa in ya kiyaye. Ya ƙara da cewa ba a ɗaukar wannan ciwo a kofi ko a tari. Na ce ya maimaita wannan a gaban 'yata. Da muka dawo gida ni da hannuna na kwance jan zaren nan.

Aka rubuta min inhela iri biyu. Da farko na ƙi, don a unguwa cewa ake in ka fara inhela ka kama hanyar kabari, kuma ba ka rabuwa da ita. Ta farko shuɗiya ce, salbutamol, ta gaggawa, in numfashi ya sarƙe. Wata guda na yi ina fesa ta a baki kamar turare, rabi ya tsaya a harshe rabi ya fita, ina cewa ba ta aiki. Sai wata sista ta ce in yi a gabanta, ta riƙe baki. Ta ɗauko gorar ruwa ta roba ƙarama, ta huda gindinta daidai bakin inhelar, ta cusa. Ta ce in girgiza, in kama bakin gorar da leɓe, in danna sau ɗaya tak, in ja a hankali, in riƙe in ƙirga goma in zan iya. Wallahi ranar na fara sanin magani ne a ciki. Ta biyun, tiyotirofiyam, sau ɗaya ce a rana, kafso ne ake sawa a cikin 'yar na'ura a huda a zuƙe garin. Ita ce mai riƙe hanyoyin a buɗe, ko ana jin daɗi ko ba a ji. Kar ku yi dariya, kwana biyun farko haɗiye kafson na yi da ruwa, ina mamakin me 'yar na'urar take yi a cikin kwali. Tana busar da baki, shi ya sa buta da kofi ba sa nisa da ni.

Amma abin da ya fi kowane magani yi min amfani ba a saye shi da kuɗi ba. An koya min in ja iska ta hanci in ƙirga biyu, in tsuke baki in sake ta a hankali in ƙirga huɗu, kamar mai hura kunu mai zafi. In abin ya taso, in zauna in sunkuyo gaba kaɗan in dafa gwiwa. Kuma aka ce in yi tafiya kullum. Wannan na yi musu a kansa, na ce mutumin da zuwa banɗaki ke sa shi haki za a ce ya yi yawo? Likita ya ce zaman shi ne tarkon: kina jin haki sai ki zauna, kina zama ƙafa ta mutu, ƙafa na mutuwa ɗan motsi kaɗan sai ya ƙara cin iska. Ya ce hakin tafiya ba ya ƙara ɓata huhu, in dai na tsaya na huta na ci gaba. Na fara auna tafiyata da falwayoyin layinmu. Ranar farko falwaya ɗaya na kai, na jingina da ita kamar ƙawata, na dawo.

Haka na koma yi wa numfashi lissafi irin wanda na saba yi wa shinkafa da mai. In zan yi wanka, a kan kujera 'yar tsuguno, kuma ba na haɗa shi da wanki rana ɗaya. Tuwo ba na cika ciki da shi, don in ciki ya cika yana tokare ƙirji, sai in ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Shara sai an yayyafa ruwa, ni kuma ina ɗaki. Maganin sauro na kunnawa ya bar gidan, gidan sauro ya dawo. Kaskon gawayi bai ƙara kwana a ɗakina ba, bargo biyu da safa sun isa. Hunturu na kamawa takunkumin da korona ta bar mana yake komawa fuskata, ba na fita da sanyin safiya sai rana ta ɗaga. In an kunna wa bola wuta a bayan layi ko maƙwabci ya tayar da janareta, a rufe tagar wannan gefen. Kakina kuwa kullum sai na dube shi, abin ƙyama ne amma shi ne jaridata. In ya ƙaru, ko ya canja launi, ko hakin ya fi na jiya, ko ƙafa ta kumbura, ba na jiran dare ya yi.

Wanda ya fi min ciwo a cikin abubuwan da na bari shi ne turaren wuta. Mace ce ni, ina son ɗakina da ƙamshi. Ranar bikin autata, gida ya cika, an zuba turare a kasko ko'ina, ni uwar amarya ina zaune a ƙofar gidan maƙwabta da inhela a ƙulle a bakin zani. Wasu suka ce girman kai ne. Ban bi ta kansu ba, numfashin da zan kashe wajen bayani na ajiye shi na yi wa 'yata addu'a da za a tafi da ita.

Salla ma sai da na sha fama da zuciyata. Ruku'u da sujada suna danne min ƙirji, in ɗago ina ganin duhu, amma ina jin kunyar zama a kujera kamar wadda ta raina ibada. Malamar Islamiyyarmu ce ta karanto min hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ta ce, "Iya, sauƙin da Allah Ya ba ki, ke ce za ki mayar maSa?" Da azumi ya zo na aika aka tambayo min hukuncin inhela. Aka ce malamai sun saɓa, akwai manya da suka ce ta feshi ba ta karya azumi tunda huhu take zuwa ba ciki ba, akwai waɗanda suka ce a rama. Ta kullum ɗin da sahur nake zuƙarta. Ranar da jiki ya ƙi, in sha ruwa, ba na jayayya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ciwo na biyu. Daga 2023, da aka cire tallafin mai Naira kuma ta faɗi, kuɗin inhela ya ninka ya sake ninkawa, wani lokacin ma a zaga kemis biyar babu. 'Ya'yana karo-karo suke yi duk wata, ni kuma ina ganin yadda suke fama da nasu gidajen. Sai na yi wayo irin na mai waina: na koma zuƙar ta kullum ɗin yau in tsallake gobe, don kwali ɗaya ya yi wata biyu, ban gaya wa kowa ba. Ban rufa wata biyun ba sai ga ni a gadon asibiti kwana biyar. Abin da aka kashe ya fi kuɗin maganin wata uku. Babbar 'yata ta zauna a bakin gadon ta ce, "Umma, in kina tausayinmu ki sha maganinki, wannan tsimin naki tsada gare shi." Yanzu kwalin a hannun jikata yake, ita take ƙirga kafso.

Ita ce kuma ta karanto min a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum sama da miliyan 3 a shekarar 2019 kaɗai, shi ne na uku a cututtukan da suka fi kisa a duniya a lokacin. Na ce ikon Allah, abu mai girma haka, amma a unguwarmu ko sunansa ba wanda ya taɓa ji. Sai na hau tuno matan da muka yi zamani tare, mai ƙosai ta bakin titi, mai ƙuli-ƙuli ta bayan masallaci, wata mai tuwo-tuwo, duk da tari suka ƙare, ana cewa asma ce, ko sanyi, ko tsufa. Allah Ya jiƙansu. Ba wadda aka taɓa ba bututu ta hura.

Ina jin masu bayani a rediyo suna cewa mata su bar itace su koma gas. Gaskiya suka faɗa, ni shaida ce, amma wani lokacin har tsaki nake. Matar da ribarta ta yini ba ta wuce cefanen dare ba, da me za ta cika silinda? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wani ya zo min shekara ashirin da suka wuce ya ce in bar murhu, da na kore shi da muciya. Amma da ya ce min in buɗe gefen rumfar nan da na toshe, in daina hura wuta da leda, in shanya itace ya bushe, in zauna ta inda iska ke fitowa, in sauke goyo kafin in durƙusa, wannan da na iya, ko kwabo ba zai ci min ba.

Goyon nan shi ke hana ni barci. 'Yata ta huɗu a bayana ta girma a cikin rumfar, kuma ita ce yanzu ta gaji tandar, don gidan ba zai zauna ba sana'a ba. Da za ta fara na kafa sharaɗi, aka cire kwanon nan na gefe, aka ɗaga rufin aka bar masa kafa. Yayyenta suka haɗa kuɗi suka saya mata ƙaramar silinda. In ciniki ya yi kyau ta yi da gas, in gas ya ƙare tsakiyar wata ta koma gawayi a fili. Wasu tsofaffin masu saye suna ƙorafi wai wainar gas ba ta da ƙamshin ta da. Na ce a gaya musu ƙamshin yana nan a ƙirjina, mai so ya zo ya ɗiba. Ranar da na ji ta yi tari sau biyu da asuba, ban bar ta ta sauke tanda ba sai da ta yi min alkawarin zuwa gwaji. Har yau tana min hanya-hanya, ni kuma ban daina mita ba.

Ƙullu dai har yanzu ni nake ɗanɗanawa. Da daddare take kawo min a ludayi har ɗaki, in ce a ƙara kanwa ko a rage ruwa. Da safe ina jiyo ƙarar mai a tanda daga nesa, hannuna yana motsi shi kaɗai kamar zai juya.

In rana ta ɗaga sai in sa hijabi, in ƙulle shuɗiyar a bakin zani, jikata ta biyo ni da 'yar kujera. Jiya falwaya tara na kai, sau biyu kawai na zauna. Ta goma tana gaban shagon mai cajin waya, inda layin ya ɗan yi tudu, kuma yaron yana yawan tayar da janareta da hantsi. Na aika a tambaye shi ƙarfe nawa yake kashewa.